Rashin Mahaifi da Murnar Ƙwallo: Shin Laifi Ne Zuciya Ta Haɗa Biyun?

Akwai wata tambaya da masu rashi kan daɗe suna juya ta a zuci kafin su iya furta ta, ko da a gaban likita ne: "Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, amma ƙungiyarmu ta ci wasa na tashi na yi tsalle ina ihu. Shin ban damu da shi ba ke nan?" Wani kuma akasin haka yake faɗa: "Kowa yana murna an hauro, ni kuwa sai na fita bayan gidan kallo na fashe da kuka. Shin ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?"

Amsar duka biyun ita ce a'a. Amma akwai inda lamarin kan wuce na al'ada ya zama abin da yake buƙatar asibiti. Wannan bayani zai nuna yadda alhini yake aiki a jiki da zuciya, dalilin da ya sa ƙwallo ke tono rashi, amfanin da ke cikin bin ƙungiya a irin wannan lokaci, haɗarin da ke ciki, da kuma alamomin da idan an gan su bai kamata a zauna a gida ba.

Shekara biyu da magoya baya ba za su manta ba

Mutanen Gwarzo da Kabo sun ga haurowa sau biyu cikin ɗan lokaci. A shekarar 2022 Kano Pillars, ƙungiyar da ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Magoya bayan Sai Masu Gida suka shafe kaka guda suna jira, har zuwa 2023 da ƙungiyar ta dawo ta hanyar wasannin ƙungiyoyi takwas da aka buga a Asaba, tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Sai kuma a 2025 ƙungiyar Barau FC, mallakin Sanata Barau Jibrin wanda ɗan asalin ƙaramar hukumar Kabo ne, ita ma ta hauro gasar Firimiya a wasannin da aka sake bugawa a Asaba, tare da Wikki Tourists da Warri Wolves da Kun Khalifat.

Kakar neman haurowa ta bambanta da sauran. Kowane wasa yana da nauyi, kowane maki ana lissafa shi, kuma mai goyon baya yana shafe watanni tsakanin fata da fargaba. Mutuwa kuwa ba ta duba jadawalin wasa. A cikin waɗancan watanni an yi jana'iza a Getso, an yi a Garo, an yi a Kutama, kamar yadda ake yi kowace shekara. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗauki makarar iyayensu su ne kuma suka zauna a gidan kallo ko suka kara rediyo a kunne bayan 'yan makonni.

Mu ɗauki misali. Matashi ne ɗan shekara ashirin da takwas, mai shagon gyaran waya. Mahaifinsa ne ya fara kai shi filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana yaro, kuma duk ranar wasa tare suke jin sharhi a rediyo a ƙofar gida. Mahaifin ya rasu ana tsakiyar kaka. Ranar da aka tabbatar ƙungiyar ta hauro, matashin ya ciro waya zai kira Baba ya yi masa albishir. Sai da ya nemo lambar sannan ya tuna. Wannan abu yana faruwa da mutane da yawa, kuma ba alamar taɓin hankali ba ce.

Mene ne alhini, kuma yaya yake bayyana?

Alhini shi ne yadda zuciya da jiki suke amsa rashin wanda ake ƙauna. Ba ciwo ba ne, duk da cewa yana iya kama da ciwo. A makonnin farko mai rashi yana iya jin waɗannan:

- rashin barci, ko farkawa tsakar dare ba tare da barcin ya dawo ba
- rashin cin abinci, ko ramewa
- nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, ciwon kai, kasala
- mantuwa da rashin tattara hankali a wurin aiki
- saurin fushi, ko zargin kai: "da na kai shi asibiti da wuri"
- jin kamar an ji muryar mamacin ko an hango shi a cikin jama'a
- ko kuma jin zuciya ta bushe, babu kuka babu komai

Duk waɗannan suna cikin abin da aka saba gani. Alhini yana zuwa ne yana tafiya, yau da sauƙi gobe da nauyi. Mutane da yawa sun ji labarin matakai biyar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, daga ƙin yarda har zuwa karɓar ƙaddara. Ita ta tsara su ne daga hirarta da marasa lafiya da ke gab da mutuwa, kuma bincike na baya ya nuna masu rashi ba sa bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Don haka kada mutum ya auna kansa da wani jeri ya ce ya makara ko ya yi gaggawa.

A al'adarmu akwai tsari mai kyau na kwanakin farko: zaman makoki, masu ta'aziyya suna shigowa suna "ya haƙuri", maƙwabta suna kawo abinci, a wasu gidajen a yi sadakar uku da bakwai da arba'in. Matar mamaci tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki. Ɗa namiji kuwa da an naɗe tabarma ake sa ran ya koma kasuwa ko gona, sau da yawa ma da sabon nauyin ƙanne da mahaifiya a wuyansa. Daga nan ba a cika tambayarsa yadda yake ji ba. Sau da yawa a lokacin da jama'a suka watse ne ainihin nauyin yake sauka.

Me ya sa ƙwallo ke tono rashin?

Dalili na farko shi ne sabo. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure mutane da wurare da lokuta. Idan shekara goma sha biyar kana jin sharhin wasa kusa da mutum ɗaya, muryar mai sharhin kaɗai ta isa ta dawo maka da shi. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar lokaci kafin ta saba da cewa wanda take tsammani ba ya nan, shi ya sa hannu ke zuwa ga waya kafin tunani ya iso.

Na biyu, a tsakanin uba da ɗa a ƙasar Hausa akwai kunya da girmamawa, ba kowace magana ake yi ba. Ga wasu gidaje, hirar ƙwallo na daga cikin wurare kaɗan da uba da ɗa suke sakin jiki, su yi musu, su yi dariya. Idan uban ya tafi, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da wannan ƙofar.

Na uku, filin wasa da gidan kallo wurare ne da namiji yake iya ihu, ya riƙe kai, har ya zubar da hawaye ba wanda zai ce masa komai. Abin da aka danne a wurin makoki saboda "kai ne babba, ka daure" yakan samu hanyar fita a nan.

Wanda mahaifiyarsa ce ta rasu ma haka ne, ko da ba ta taɓa kallon wasa ba. Ita ce mai cewa "kada ka yi dare", ita ce mai ajiye tuwo a rufe har a dawo daga kallo. Dawowa gida bayan nasara a tarar da ɗakinta a kulle yana iya fin ranar jana'iza zafi.

Shin murna cin amanar mamaci ce?

A 1999 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun fitar da bayanin da likitoci da yawa suke aiki da shi a yau. Sun ce mai rashi yana kai da komo ne tsakanin hali biyu. A ɗaya yana fuskantar rashin kai tsaye: tuna mamaci, kuka, kewa. A ɗaya kuma yana fuskantar rayuwa: aiki, iyali, hira, nishaɗi. Lafiyayyen alhini shi ne wanda yake da wannan kai da komo. Wanda ya maƙale a ɓangare ɗaya, ko kullum kuka ko kullum gudun tunawa, shi ne ya fi shiga matsala.

Manomi ya san wannan. Ba a yin noma daga asuba har magariba ba a zauna a inuwa ba, kuma zama a inuwa ba ya nufin an bar gonar. Minti casa'in da mutum ya yi hankalinsa yana kan wasa hutu ne da zuciya take ɗauka don ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin. Ba mantuwa ba ce.

Haka kuma kuka ba rashin haƙuri ba ne. Malamai sun bambanta tsakanin hawaye da kururuwar nuna ƙin ƙaddara, kuma sananne ne a tarihi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Mutum yana iya yarda da hukuncin Allah ɗari bisa ɗari kuma kewa ta ci gaba da damunsa.

Sai dai a lura da yanayin gida. Murnarka ba laifi ba ce, amma shigowa gida da hon ɗin babur da ihu alhali mahaifiya tana takaba zai iya sosa mata rai. Kowa da irin alhininsa da kuma saurinsa.

Amfanin da ke cikin bin ƙungiya a lokacin rashi

Yana tsara mako. Mai rashi yakan rasa bambancin Litinin da Juma'a. Sanin cewa akwai wasa ranar Lahadi da la'asar yana ba shi abin jira, ya yi wanka, ya fita.

Yana hana kaɗaici. Kaɗaici yana cikin abubuwan da ke tsananta alhini. A majalisa ko gidan kallo mutum yana cikin jama'a ba tare da an tilasta masa yin maganar rashin ba, kuma abokai suna ganin idan ya rame ko ya canja.

Yana riƙe alaƙa da mamaci. A da ana ganin warkewa ita ce a yanke tunanin wanda ya tafi. Tun daga shekarun 1990 masana suka karkata ga cewa ci gaba da alaƙa ta hanyar tunawa da riƙe abin da mamaci yake so yana taimakon mutane da yawa. Wanda ya ɗauki ɗansa ya kai shi kallo kamar yadda aka kai shi, yana ba shi labarin kakansa a hanya, yana yin abu mai amfani ga su biyun.

Yana iya kai mutum ga motsa jiki. Wanda kallo ya ja shi ya koma buga ƙwallon yamma a filin firamare ya samu riba biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma motsa jiki yana gyara barci yana rage damuwa.

Inda haɗarin yake

Zuciya. Wannan shi ne abu na farko da likita zai duba. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2012 ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar makusanci, sannan ya riƙa raguwa a makonnin da ke biye. A ɗaya ɓangaren, likitoci a birnin Munich na Jamus sun ƙirga masu matsalar zuciya ta gaggawa lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, suka ga adadin ya ninka fiye da sau biyu da rabi a ranakun da Jamus take wasa. A Ingila ma an samu ƙarin kashi 25 cikin ɗari na masu bugun zuciya da aka kwantar a asibiti a ranar da Ajantina ta fitar da ƙasar da bugun fenariti a 1998 da kwana biyun da suka biyo baya. Dalilin ɗaya ne: tashin hankali yana sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara gudun zuciya, su ɗaga jini, su sa jini saurin daskarewa.

Wannan ba ya nufin lafiyayyen matashi ya ji tsoron kallo. Ga yawancin mutane haɗarin ƙarami ne. Waɗanda ya kamata su kula su ne masu hawan jini, masu ciwon suga, masu shan taba, waɗanda suka manyanta, da waɗanda aka taɓa gaya musu suna da ciwon zuciya. Abin da muka fi gani shi ne mutum ya daina shan maganin hawan jini a hidimar makoki, ya manta bai koma ba. Idan mahaifinka hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ne ajalinsa, kai ma ka je a auna ka, domin ciwon yana bin jini.

A garzaya asibiti nan take idan aka ji ciwo ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, musamman idan yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko yana tare da gumi da sarƙewar numfashi. Haka nan idan baki ya karkace, magana ta harɗe, ko hannu ko ƙafa ta mutu. Kada a ce a jira a tashi daga wasa, kada a tsaya shafa man zafi ko shan maganin gyambon ciki.

Ƙwaya. Mai rashin da ba ya barci yana da sauƙin karɓar "abin da zai taimaka" daga aboki. Tiramadol da maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci irin su diyazefam suna rufe zafin na ɗan lokaci, sannan su bar mutum da jaraba a kan alhinin da bai tafi ba. Tiramadol yana iya jawo farfaɗiya, kuma haɗa waɗannan magunguna yana iya tsayar da numfashi. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 saboda irin ɓarnar da ya yi. Kada a sha maganin barci sai likita ya rubuta, kuma na ɗan gajeren lokaci.

Caca. Cacar wasanni ta shiga waya, ba sai an je shago ba. Mai baƙin ciki yana neman abin da zai motsa shi, kuma a wannan lokaci ne wasu suke karɓar rabonsu na gado. Haɗuwar biyun ta cinye gonaki da shaguna. Idan ka fara sa kuɗi don ka ji daɗin wasa, kana ɓoye wa iyali, ko kana ƙara sawa don ka dawo da wanda ka rasa, wannan jaraba ce kuma ana maganinta.

Barci. Wasannin gida galibi da la'asar ake yi, amma na Turai sukan kai dare. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Kallon dare da shayi mai kauri, sannan duba waya har tsakar dare, suna ƙara lalata barcin da rashi ya riga ya taɓa.

Fushi da hanya. Alhini yakan fito a siffar fushi. Musun ƙwallo da a da ake ƙarewa da dariya sai ya kai ga dambe. Sannan gudun babur a daren murna, ko tuƙi zuwa Kano da dawowa ba a yi barci ba, ya sha mayar da gidan murna gidan makoki.

Yaushe alhini yake zama ciwo?

Yawancin masu rashi suna samun sauƙi a hankali cikin watanni ba tare da magani ba, ko da yake kewa ba ta ƙarewa. Amma kimanin mutum ɗaya cikin goma yakan maƙale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ana iya kiransa ciwon dogon alhini. Ana zarginsa idan an wuce aƙalla wata shida, kuma fiye da abin da al'ada da addinin mutum suka saba, amma har yanzu:

- kewa mai tsanani ko tunanin mamaci ya mamaye kusan kowace rana
- mutum ya kasa yarda cewa rasuwar ta faru
- yana gudun duk abin da zai tuna masa, har ɗakin mamacin ko hanyar maƙabarta
- yana jin wani ɓangare nasa ya mutu, rayuwa ba ta da ma'ana
- aiki ko karatu ko zaman iyali ya tsaya

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suna amfani da wata goma sha biyu ga manya. Haɗarin ya fi yawa idan mutuwar ta fuju'a ce, kamar haɗarin mota ko kisa, ko idan mutum ya taɓa yin ciwon damuwa, ko ba shi da mai tallafa masa.

Ciwon damuwa kuma daban ne, ko da yake suna iya haɗuwa. Ƙwallon kanta tana iya taimaka wa iyali su gane bambancin. Mai alhini yana iya jin daɗin wasa, sannan baƙin cikin ya dawo idan ya tuna. Mai ciwon damuwa ba ya jin daɗin komai: ƙungiyarsa ta ci ko an ci ta duk ɗaya ne, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, tare da ganin kansa ba shi da amfani. Idan wanda ba ya barin wasa ya wuce shi ya daina tambayar sakamako kwata-kwata, ya daina fita majalisa, a kula da shi. Haka nan akasin haka: wanda ya mayar da ƙwallo maɓoya, daga wannan gidan kallo zuwa wancan, ba ya son zama a gida, ba ya son a ambaci sunan mamacin.

Alama mafi gaggawa ita ce tunanin kashe kai. Idan mutum yana cewa gara ya bi mahaifinsa, ko yana rabar da kayansa, ko yana neman guba, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana irin wannan tunani ba ta sa masa shi a zuciya, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Ina za a je, kuma me za a yi?

A fara da asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Gwarzo ko cibiyar lafiya ta garinku. Za a auna jini da suga, a saurari bayani, a tura mutum gaba idan da buƙata. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Zuwa waɗannan wurare ba ya nufin mutum ya haukace. Da yawan masu zuwa rashin barci ne da damuwa da fargaba suke kai su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a farkon 2023 ta tanadi kare mutuncin mai neman irin wannan magani da sirrinsa.

Babban maganin dogon alhini shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, wanda wani tsarinsa yake ɗaukar kimanin zama 16. Ana taimaka wa mutum ya iya ba da labarin rasuwar, ya koma wuraren da yake gudu a hankali, ya sake tsara rayuwarsa. Maganin damuwa na sha ba ya goge kewa, amma yana aiki idan akwai ciwon damuwa tare da ita. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga amfaninsa, kuma ba a daina shi kwatsam. Addu'a da shawarar malami ba sa karo da zuwa asibiti, ana haɗa su.

Shawarwari ga mai rashi

- Ka koma kallo lokacin da ka ji za ka iya, ba lokacin da abokai suka ce ba. Idan wasan farko ya yi nauyi, ka tashi, babu komai.
- Ka tafi da mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki, ka zauna kusa da ƙofa.
- Ka shirya wa manyan ranaku: wasan ƙarshe, ranar haurowa, Sallah ta farko, cikar shekara. Sanin cewa za su yi nauyi yana rage bazatar.
- Ka ba murnar wata ma'ana: ka yi masa addu'a a ranar, ka yi sadaka, ka ziyarci abokinsa ko ƙanwarsa.
- Ka ci abinci, ka sha magungunanka, ka kafa lokacin kwanciya.
- Ka jinkirta manyan shawarwari, kamar sayar da gona ko barin gari, idan da hali.

Shawarwari ga iyali da abokai

Kada a ce wa mai rashi "har ka manta da shi?" don an gan shi yana murna, kada kuma a ce "har yanzu?" don an gan shi yana kuka. Duka biyun suna sa mutum ya rufe bakinsa. Tambaya mai sauƙi ta fi: "Yaya, ya kake samun barci kwanan nan?" ko "Ka tuna yadda Baba yake faɗa idan an ɓarar da ƙwallo?" Ambaton mamaci ba ya fama ciwo, yawancin masu rashi suna son a tuna da nasu.

A ci gaba da leƙowa bayan arba'in, lokacin da kowa ya koma harkarsa. A tuna da 'yan mata da matan gida, waɗanda su ma sun yi rashin amma ba su da majalisa ko gidan kallon da za su je su huta. A ba su damar ziyara da hira da abin da suke so. Yara kuma a gaya musu gaskiya da kalmomi masu sauƙi, kada a ce Baba ya yi tafiya, domin za su yi ta jira. Yaro yana iya kuka yanzu, bayan minti goma ya fita buga ƙwallo. Haka alhinin yara yake.

Bayan an hauro

Akwai wani lokaci da ba a cika shirya masa ba: makonnin da ke bin ƙarshen kaka. Wasanni sun ƙare, murna ta lafa, abin da ya riƙe mutum watanni ya tsaya. Wasu a nan ne suke jin rashin kamar jiya aka yi shi. Wasu kuma sun ɗaura wa haurowar wani fata a zuci, cewa idan aka hauro za su samu sauƙi, sai su ga an hauro kuma kujerar Baba tana nan babu kowa. Sannan ƙungiyar da ta hauro bana tana iya shan wahala baɗi. Don haka kada mutum ya jingina lafiyarsa kan sakamakon wasa kaɗai. Ya nemi abin da zai cike makonnin hutu: aikin gona, ƙwallon yamma, karatu, zumunci.

Idan wata shida ya wuce kuma nauyin bai ragu ba, ko ɗaya daga cikin alamomin gaggawa da aka lissafa ya bayyana a kowane lokaci, a ga likita. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba waɗanda aka bari haƙuri da lafiya.